Kunun gero ta roba: nazarin lamarin wani yaro daga ƙasar Argungu

Wannan bayani ne a kan yaro guda ɗaya da na bi lamarinsa wata biyar, daga ƙarshen hunturu zuwa faɗuwar damina. Iyayensa sun yarda a rubuta, da sharaɗin ba za a ambaci sunansa ko na ƙauyensu ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren abincin yara. Na rubuta ne saboda abokan aiki, da kuma iyayen da ake sallamowa daga asibiti da roba a cikin ɗansu, a ce su je su riƙa ba shi abinci ta nan, ba tare da an zauna an nuna musu wane abinci ba, da yaya.

Yadda aka kawo shi

Shekararsa uku da rabi. A gida aka haife shi, a wani ƙauye na fadamar Argungu, kuma a kwana na uku idanunsa da jikinsa suka yi ɗorawa. Shawara ce. An yi jiƙe-jiƙe, an shanya shi a hantsi, ba a nufi asibiti ba sai da ya saki nono, yana sandarewa yana wani irin kuka mai tsini. Sinadarin da ke sa jariri ya yi rawaya, wato bilirubin, idan ya yi yawa yakan tsallaka ƙwaƙwalwa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Haka ya tashi: wuya bai tsaya ba, ba ya zama, hannuwa da ƙafafu suna murɗewa ba da sonsa ba, ji ma ya ragu. Yana shan maganin farfaɗiya, fenobabiton, kowane dare.

Haɗiya ce ta fi wahalar da shi. Ko ruwa aka ba shi sai ya ƙware, abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu. Sau uku aka kwantar da shi da ciwon huhu cikin shekara guda. Daga nan likitocin tiyatar yara a wani asibitin koyarwa da ke wajen jihar suka huda cikinsa, suka sa roba kai tsaye zuwa tumbi. Irin robar fitsari ce mai balan-balan a baki, lamba 16. A asibitocinmu akan yi amfani da ita a madadin wadda aka ƙera don ciyarwa, don ita ake samu kuma ita talaka ke iya saye. Lamba 16 faɗinta daga waje milimita 5 ne da ɗan ɗoriya, ramin ciki kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duk abin da yaron nan zai rayu da shi ta wannan ɗan rami zai bi.

An sallame su da umarnin su riƙa sayen madarar gwangwani ta marasa lafiya. Mahaifinsa ɗan kabu-kabu ne, yana kuma ɗan taɓa noman shinkafa a fadama. Gwangwani ɗaya ba ya kai kwana uku idan an haɗa shi yadda aka rubuta a jiki, kuma kafin wata biyu sun sayar da tunkiya da buhun shanshera biyu. Sai suka fara tsinka madarar da ruwa don ta daɗe, sauran lokutan kuma a tace koko tsararo a ɗura.

Abin da muka tarar

Kakarsa, uwar mahaifinsa, ita ke magana. Yaron ɗan fari ne, uwar tana riƙe da shi a ƙirji amma ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce «shi». Tsohuwar ta ce mini, «Ɗiyata, duk abin da munka ɗura mai sai shi maido shi. In bai maido ba shi ta kakari kamar ransa za ya hita.»

Na ce, «Inna, ku ba shi a gabana, kamar yadda kuke yi a gida.»

Uwar ta shimfiɗa zani a kan benci ta kwantar da shi rigingine. Ta zaro gorar roba daga jaka, ta zuƙo da sirinji mai mililita 60, ta buɗe bakin robar ta danna da babban yatsa. Ta sake, ta sake. Sirinji uku cikin abin da bai kai minti biyu ba. Ba a yi nisa ba gumi ya tsattsafo a goshinsa, ya gantsare, idanu suka firfito, sai kakarin amai. Abin da ya fito ta baki da hanci fari ne tsinkakke, har da na ɗazu da safe. Uwar ta goge masa da gefen mayafi tana hawaye ba ta ce komai ba. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa hannunta ne ke saurin. Ita dai so take ta gama da wuri don kada ya wahala.

Nauyinsa kilo 9.2, abin da yaro ɗan shekara guda yakan kai. Awon damtse santimita 11.8, a kan rawaya a jikin tef ɗin awon tamowa mai launin kore da rawaya da ja, saura kaɗan ya faɗa ja da ke farawa ƙasa da 11.5. Ƙafafu ba su kumbura ba. Bayan gida sai bayan kwana huɗu ko biyar, ƙulu-ƙulu kamar na awaki, da kuka. Likita ya fara duba robar ita kanta, domin irin wannan takan zame ta shige ciki, balan-balan ɗin ya je ya toshe ƙofar da abinci ke fita daga tumbi, yaro ya yi ta amai ana zargin abinci. Tana nan a wurinta. Muka sa mata alama da filasta a daidai fatar ciki, muka nuna wa uwar ta riƙa duba alamar kowace safiya.

Sai lissafi. Sau biyar ake ba shi a rana, kowane sau mililita 180, jimla 900. Madarar nan idan an haɗa ta daidai kowace mililita tana da kalori ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Tasu an raba ƙarfinta biyu, kokon kuma ruwa ne ya fi yawa. Da na ƙiyasta, abin da ke shiga bai wuce kalori 400 ba, kafin a cire wanda ya amayar. Yaro mai irin wannan murɗe-murɗen, wanda kuma ake so ya cike giɓin da ya bari a baya, muka yi masa ƙiyasin kalori 900 zuwa 1,000. Cikinsa yana cika sau biyar a rana, amma yunwa ke cin sa.

Abin da aka gani a wasu wurare

Ciyar da mara lafiya dafaffen abinci ta roba ba sabon abu ba ne. Haka asibitoci ke yi kafin madarar kamfani ta mamaye ko'ina daga shekarun 1970. An bar shi ne saboda dalilai uku da har gobe suna nan: yana toshe roba, ƙwayoyin cuta na saurin yaɗuwa a cikinsa, kuma da wuya a san ainihin ƙarfin abin da ke cikin kofi. Iyaye ne a Amurka da Ingila suka dawo da shi, da yawansu ba da yardar likitoci ba, saboda sun gaji da kallon 'ya'yansu suna kakari.

A 2011 likitocin asibitin yara na Sinsinati a Amurka suka wallafa bayanin yara 33 da aka yi wa tiyatar ɗaure bakin tumbi don hana abinci dawowa, amma kakari bai bar su ba. Da aka mayar da su kan markaɗaɗɗen abinci, iyayen kashi 52 cikin 100 na yaran suka ce kakarin ya ragu da kashi 76 zuwa 100. A 2018 wani bincike a Toronto ta Kanada ya bi yara 20 na tsawon wata shida. Masu yawan amai sun ragu daga kashi 76 zuwa 53, nau'o'in ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin hanjinsu sun ƙaru. Amma akwai wani abu a binciken da ya fi tsaya mini a rai: sai da aka ƙara wa yaran kalori da kusan rabi a kan abin da suke samu daga madara kafin jikinsu ya tsaya a inda yake. A 2023 ƙungiyar likitocin ciki da abincin yara ta Turai, ESPGHAN, ta fitar da matsayarta cewa ana iya bin wannan hanya idan akwai ƙwararru masu sa ido, tana kuma jan hankali cewa hujjojin da ke hannu ba su da yawa.

Dalilan da ake gani suna sa ciki ya fi karɓar abincin gaske ba su da wuyar fahimta. Abu mai ɗan kauri ya fi zama a tumbi, ba ya hauro maƙogwaro cikin sauƙi kamar ruwa, ba ya kuma zubewa cikin hanji gaba ɗaya ya jawo gumi da tashin zuciya. Harzar da ke cikin hatsi da ganye tana tausasa bayan gida. Kamfanoni ma sun bi sahu, akwai irin su Compleat Pediatric na Nestlé da Real Food Blends, waɗanda ake haɗawa da nama da kayan lambu a rufe cikin tsafta. Ni dai ban taɓa cin karo da su a kantin magani a Birnin Kebbi ba, kuma ko da akwai, gidan da ya sayar da tunkiya don madara ba zai kai gare su ba.

Sai dai duk waɗancan yaran a gidaje masu firji suke, da bilenda mai ƙarfi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ƙa'idar da ake ba su ita ce abincin kada ya wuce awa biyu a waje, kada ya wuce awa 24 a firji. Gidan da nake magana a kai turmi ne da rariya da murhu, ga watan Afrilu na tafe, lokacin da zafi a Kebbi ke haura digiri 40.

Abin da muka yi

A sati na farko ba mu taɓa abincin ba sai hannu. Wata ƙungiyar mata ta unguwarmu ta saya musu madarar kwana goma, aka haɗa ta daidai. A zaunar da shi a cinya a jingine da ƙirji, kai a sama. A cire sandar sirinjin a bar abincin ya gangara da kansa, mililita 120 cikin minti ashirin, sau shida. A bar shi a jingine rabin awa bayan an gama. Dafaffen ruwa kaɗan kafin abinci da bayansa don wanke robar. Ba mu yi tsalle daga kalori 400 zuwa 1,000 ba, domin jikin da ya daɗe cikin yunwa idan aka cika shi da abinci lokaci guda, sinadaran fosfet da fotasiyam na jini sukan faɗi har su taɓa zuciya. Kaɗan-kaɗan muka riƙa ƙarawa, likita na dubawa.

Wannan kaɗai ya rage aman da kusan rabi. Kakarin bai tafi ba, taurin bayan gida ma yana nan.

Sai muka fara sauya ciyarwa ɗaya a rana da abincin gida, bayan kwana uku a ƙara wata, kuma ba a sa sabon abu biyu rana ɗaya, don in ciki ya ƙi a san mai laifi. Tushen haɗin shi ne wanda ma'aikatan tamowa suka sani da Tom Brown: gero da waken suya da gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa. Na kwana ɗaya muka auna garin gero giram 100, wato kusan cikin gwangwanin madara na ruwa, garin waken suya giram 40, gyaɗa giram 20, dafaffen ƙwai ɗaya, man gyaɗa babban cokali ɗaya da rabi, madarar gari cokali uku, yankin dafaffiyar kabewa, da ɗan garin zogale. A takarda wannan ya kai kalori 1,000 a cikin lita ɗaya. Ran da babu ƙwai a sa tsokar tarwaɗa, wadda ba ta da wuyar samu a ƙasar Argungu kuma ƙayarta ba ta kai ta karfasa ba. Gyaɗa a tsince ta ɗaya bayan ɗaya a zubar da mai fumfuna da mai ɗaci, saboda gubar afulatoksin da ke lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa.

A takarda ke nan. Da muka dafa a tukunya abin ya fito kamar talge. Sirinji ya ƙi zuƙa, balle ya bi roba. Uwar ta miƙa hannu ga kofin ruwa, abin da kowa zai yi. Amma a nan tarkon yake. Idan aka ninka ruwa aka mayar da lita ɗaya biyu, kowace mililita ta koma rabin kalori, tumbin yaron kuwa ba zai ɗauki lita biyu a rana ba. Za a koma gidan jiya ne, ga ƙarin wahalar girki.

Tsohuwar na zaune a gefe tana kallonmu. Ashe ita ke yin kunun zaƙin sayarwa ranar kasuwar garinsu. Ta ce, «Sista, ai mu in kunu ya yi kabri ba ruwa mu ka ƙara mai ba. Tsiro mu ka sa mai.»

Na san abin. An koya mana shi a makaranta a darasin abincin yaye, amma ban taɓa kawo shi a raina a kan roba ba. Hatsi idan ya fara tsira yakan samar da wani sinadari, amilez, wanda aikinsa shi ne yayyanka sitaci zuwa sukari don ciyar da ɗan tsiron. Sitacin nan shi ke riƙe ruwa ya sa kunu kauri. Idan aka yayyanka shi kunun zai saki, amma ƙarfin abincin yana nan ko kalori ɗaya bai fita ba. Masu kunun zaƙi sun daɗe suna yin haka da tsiron shinkafa ko ɗanyen dankali, shi ya sa kununsu ke tsinkewa ya yi zaƙi tun kafin a sa sukari.

Ga yadda ta yi, ni kuma na ƙara sharaɗi biyu. Ta jiƙa gero ya kwana, ta tsane shi ta baza a kan jiƙaƙƙen buhu ta rufe, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana biyu ya fitar da farin tsiro. Ta shanya a rana ya bushe ƙarau, ta murje saiwoyin da tsiron ta sheƙe, ta daka ta tankaɗe. Sharaɗina na farko shi ne gero za a yi amfani da shi ba dawa ba, domin tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa zuwa gubar sayanayid, abin da makiyaya suka sani tun da can, shi ya sa suke tsare shanu daga ɗanyar dawa mai tofowa. Na biyu, bayan garin ya gama aikinsa sai an mayar da tukunya wuta ta tafasa, don ɗanyen gari ne da ya kwana biyu cikin danshi.

Sati na gaba suka zo da shi a ƙulle a leda. Muka dama kunun da kaurinsa, muka sauke muka bari ya ɗan sha iska, don tafasasshen zafi yana kashe amilez. Tsohuwar ta barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya ta juya da muciya. Minti biyu na farko ba abin da ya canja. Sai muciyar ta fara tafiya da sauƙi, kunun da ke tsayawa a jikinta ya fara zuba kamar zare. Kafin minti goma ya zama abin da ludayi ke zubawa. Uwar ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta dubi surukarta, karon farko da na ga ta yi murmushi.

Mun tsaya a cokali ɗaya da gangan. Da aka gwada biyu ya koma ruwa tsararo mai zaƙi, yaron ya yi bayan gida mai ruwa sau biyu a ranar. Kaurin nan ai shi ne rabin amfanin. Abin da ake nema shi ne kauri irin na kindirmon da aka kaɗa, wanda zai bi roba idan an ɗan tura sirinji a hankali. Ƙwai da kabewa a dame su da cokali a cikin mai, a haɗa, a tace duka da ƙyallen tatar koko da aka keɓe masa shi kaɗai.

Inda aka samu matsala

Toshewar roba sau ɗaya ta faru. Tsohuwar ta ga jikan nata ya fara karɓar abinci, ta zuba masa ɗan miyar kuka don ya ci abin da gida ke ci. Yauƙin ya haɗu da garin maganin dare da ba a narkar sosai ba, roba ta cije. Allah ya sa ba su zura tsinke ba. Ruwan ɗumi a sirinji, a tura a jawo, a tura a jawo, a bari ya jiƙa, da haka ta buɗe. Tun daga ranar kuka da kuɓewa da karkashi suka fita daga lissafi, magani kuma a narkar da shi daban, a bi shi da ruwa, kada ya haɗu da abinci a sirinji ɗaya.

Ta biyun ita ce mai nauyi, kuma da hannuna a ciki. Uwar ta koka cewa hura wuta sau shida a rana ya fi ƙarfinta, ga itace ya yi tsada. Na yarda ta riƙa dafawa sau biyu, safe da la'asar, ta zuba a fulas. Ban nemi ganin fulas ɗin ba. A tsakiyar Afrilu, sati na bakwai, suka zo da shi da zawo da zazzaɓi, idanu sun faɗa, baki ya bushe. Da na buɗe fulas ɗin da suka zo da shi, tsoho ne mai fasasshen murfi, kunun safe yana ciki da ɗumi-ɗumi da ƙarfe ɗaya na rana, har ya fara tsami. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60, kuma akwai irin waɗanda ke cikin hatsi da dafuwa ba ta kashe ƙwansu, jira suke abinci ya huce su farfaɗo. Kunu mai ƙwai da madara da sukarin da tsiro ya saki, a ɗumi na awa shida, babu abin da suke so kamarsa. Sirinjin ma da na zare sandarsa akwai tsohon kunu maƙale a bakin baƙar robar.

Kwana uku ya yi a kwance. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Aka ba shi ruwan gishiri da sukari ta robar, da zinc na kwana goma, ba a kuma dakatar da abinci ba sai dai an rage yawa an ƙara sau. Ya zubar da giram 400 daga abin da muka sha wuya muka tara. Mahaifinsa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, «Malama, ko dai mu koma ga gwangwani? In babur ɗin ne sai in sai da shi.» Na ce masa laifin ba na abincin ba ne, na ajiyar ne, kuma ni na ba da izinin ajiyar. Babur ɗin nan shi ke ciyar da mutum bakwai.

Muka sake tsari. Garin a haɗe yake a busasshen bokiti mai murfi, an auna na kowace ciyarwa da murfin gora guda. Suka sayi ƙaramin kurfoti da gawayi, damun kofi ɗaya ba ya cin minti goma sha biyar. A dafa sau uku, kowane dahuwa na ciyarwa biyu, na biyun sai an sake tafasa shi an bar shi ya huce a rufe, kuma ƙwai ko kifi a na farkon kaɗai ake sawa. Abin da ya rage bayan haka ƙannen mahaifinsa su shanye. Sirinji biyu, a zare sanda a wanke da sabulu, a ɗauraye da dafaffen ruwa, a kife a kwano mai murfi. Ruwan sha kuma muka ƙara tsakanin ciyarwa, domin yaron da ba ya iya cewa yana jin ƙishi, a zafin Kebbi, kunu mai kauri kaɗai ba ya isar sa. Alamar da na ba uwar ita ce launin fitsari da sau nawa yake jiƙa zani.

Inda yake yanzu

A awon ƙarshe, wata biyar da fara zuwansu, nauyinsa kilo 10.6 ne, damtse 12.7, ya shiga kore. Yana ɗaukar mililita 170 sau shida. Amai daga kusan kowace ciyarwa ya koma sau ɗaya ko biyu a sati, galibi ran da majina ta yi masa yawa. Kakarin nan mai gantsarewa uwar ta ce ta manta rabon da ta gani. Bayan gida kullum ko bayan kwana ɗaya, mai laushi, ba kuka. Zawo bai dawo ba.

Ba zan ce kunun ne kaɗai ya yi wannan ba. Mun gyara zama, mun rage sauri, mun rage yawan da ake ɗurawa lokaci guda, kuma rabin aman ya tafi tun kafin kunun nan ya shiga robar. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne taurin bayan gida da kakarin ba su motsa ba sai da abincin ya canja. Yaro ɗaya ne kuma, mai roba mai faɗi a ciki. Wanda robarsa ta hanci ce siririya, ko wanda tasa ta wuce tumbi zuwa hanji, ko jaririn da bai kai wata shida ba, lamarinsu daban ne, kada a ɗauki wannan haɗin a kai musu.

Abin da na fi jin tsoro ga masu kwaikwayo shi ne su tsaya a kan «ya daina amai». Kunu tsararo ma ciki yakan karɓe shi lafiya lau, yaro yana ramewa a hankali kowa na murna. Akwai sati biyu a watan Mayu da babu amai babu zawo amma sikeli bai motsa ba. Da muka bincika, man gyaɗa ne ya ƙare aka ci gaba ba shi, kalori kusan 180 ke nan a rana suka fita ba wanda ya lura. Shi ya sa awo duk sati biyu ba abin sasantawa ba ne.

Saura aiki. Jininsa bai cika ba, don sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin gero jiki ba ya zuƙarsa sosai, likita ya ɗora shi a kan maganin ƙarin jini. Fenobabiton yana rage bitamin D, yaron kuma ba ya takawa balle ƙashi ya yi ƙarfi, saboda haka an ƙara masa bitamin ɗin, ana kuma fitar da shi hantsi. Robar irin ta fitsari ba ta jure daɗewa, sai an riƙa canja ta. Sau ɗaya ya sake yin tari mai tsanani a watan Yuni, domin yawunsa ma yakan bi hanyar iska, abin da roba ba ta magancewa.

Yanzu ga damina. Tsiro ba zai bushe a rana ɗaya ba kamar a bazara, in ya kwana da danshi kuma fumfuna zai yi. Tsohuwar ta ce za ta riƙa yin kaɗan-kaɗan, ta ƙarasa busar da shi a kasko a kan toka mai ɗumi, ba wuta ba, don kada ta kashe ƙarfinsa. Na ce ta kawo mini na farkon in gani kafin ya shiga tukunyar yaron. Hanyar ƙauyensu takan yanke idan fadama ta cika, don haka na ba su robar canji guda da sirinji huɗu, na kuma yi magana da ma'aikacin ƙaramin asibitin da ke kusa da su ya riƙa ɗora shi a sikeli ranar kasuwa ya turo mini lambar ta waya.